Albasa Buhu Arba'in a Kan Taku Ɗaya

Samarin da ke zama a rumfata da la'asar sun tono allon wasan tawula daga bayan buhuna, sun karkaɗe shi, yanzu kullum sai na ji ƙarar ƙashin da ake jefawa a kan katako. Ban hana su ba, sharaɗina dai kada a sa ko kwabo. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganar da na ji ɗayansu yana yi, wai da zarar 'ya'yan allo sun iso gida wasa ya ƙare, saura sai abin da ƙashi ya bayar. Haka suke faɗa a kan sana'ar albasa ma: ka saya da araha a gona, ka sayar da tsada a kasuwa, ina wahalar? Na yi shekara fiye da arba'in ina fataucin albasa tsakanin Bagudo da ƙetaren iyaka, kuma wasan da sana'ar tare na koye su. Ga yadda aka yi.

Aikin farko da Baffa Arzika, ƙanen mahaifina, ya damƙa mini shi ne ɗinkin bakin buhu. Ina da shekara goma sha bakwai. Ya ba ni basilla da ƙullin igiyar rama, ya nuna mini sau ɗaya, ya tafi. Na ɗinke buhu shida tamau kamar na gero, na zauna ina jiran yabo. Da ya dawo sai ya sa wuƙa ya farke su duka. Albasa tana numfashi. In ka toshe mata baki, kafin kwana uku ta yi gumi, in ta yi gumi kuwa ta tafi. Ana barin bakin a buɗe kamar faɗin tafin hannu, a saƙa igiya a kai kamar raga. Daga nan na koyi zaɓe. Ba girma ake dubawa ba, wuya ake dubawa. Ka matsa wuyan da babban yatsa: in ya bushe ya tsuke, za ta jure tafiya, in da kauri da laushi, ta miyar yau ce. Wani manomin yakan yi ban ruwa kwana biyu kafin cira don ta ƙara nauyi, shi ma a wuya ake kama shi. Ƙwaya ɗaya mai ruwa a tsakiyar buhu ta isa ta ɓata na kewaye da ita, don haka hanci ma kayan aiki ne.

Baffa tsohon madugu ne tun zamanin da ake safarar goro da kanwa a ƙafa. Yana da jakuna goma sha biyu da dokoki biyu. Ta ɗaya, mangala sai ta daidaita, abin da ke dama shi ke hagu, ko da dutse za ka cika. Ta biyu, ba a barin na baya. In jaki ɗaya ya yi rauni, ayari duka zai tsaya har ya iso. Ya ga abin da ke samun wanda aka bari shi kaɗai a dajin nan, shi ya sa ba a yi masa gardama a kai. Dokokin nan sun tsare mu a hanya shekara da shekaru, suka shiga jikina har ban san ina bin su ba.

Muna saye a fadamun Bahindi da Kurgu, mu kai bakin gulbi a kan jakuna. Daga nan sai jirgin ruwa ya haura da kaya zuwa ƙasar Faransa, yadda muke kiran Dahome a lokacin, inda motoci ke jira su yi kudu da su. Babban jirgi mai inji guda ɗaya ne a yankinmu, na wani Balarabe mutumin Sham da muke ce wa Malam Najibu. Yana da rumfar kwano a mashigi, inda fatake ke sauke kaya. Jiran jirgi yakan kai kwana uku ko huɗu, a cikin jiran nan na koyi tawula.

Allon kamar siririn akwati ne da ake buɗewa biyu, da gidaje ashirin da huɗu. Mutum biyu ke yi, kowa 'ya'yansa goma sha biyar. Sai wasu 'yan dunƙule biyu masu fuska shida, da ɗigo daga ɗaya zuwa shida. Da ƙashin raƙumi aka sassaƙa na Malam Najibu, shi ya sa muke ce musu ƙashi. Ka jefa su, abin da kowanne ya nuna shi ne takun da za ka yi wa ɗa guda. In suka nuna iri ɗaya, tagwaye ke nan, sai ka taka sau huɗu maimakon biyu. Kana kora 'ya'yanka har su taru a gidaje shida na ƙarshe, sannan ka shiga fitar da su. Gida na ɗaya shi ne na bakin ƙofa, na shida shi ne mafi nisa. Ɗan da ke gida na huɗu, huɗu ke fitar da shi, ko abin da ya fi huɗu in babu wani a bayansa. In ƙashi bai kai ba, sai dai ɗan ya matso. Wanda ya riga kwashe nasa shi ya ci. Limamin garinmu ba ya son wasan, ya kuma gaya mini ido da ido. Na yi masa alkawarin ba zan sa kuɗi ba, ban kuwa taɓa sawa ba. Sau ɗaya na sa kaya, zan zo kan wannan.

Wata rana da hantsi muna wasa da Malam Najibu, saura mini 'ya'ya uku. Na jefa shida da ɗaya. Shida ta fitar da guda, suka rage biyu, ɗaya a gida na huɗu, ɗaya a na uku, ga taku ɗaya a hannuna. Ban ko tsaya ba, na jawo na huɗu ya zauna tare da ɗan'uwansa a na uku. Sun yi kyau, kafaɗa da kafaɗa. Malam Najibu ya ɗora yatsa a kan allo.

"Me ya sa, Ɗantani?"

"Na daidaita su," na ce.

"Jaki ne?"

Masu lodi suka yi dariya. Shi bai yi ba.

"Duk ɗan ayarin da na koya wa wasan nan haka yake yi," in ji shi. "Ba ku iya ganin kaya a karkace. Tashi ka ɗebo mini albasa talatin da shida."

Ya sa na jera su a ƙasa, layi shida, kowane layi ƙwaya shida. Ƙashinsa ɗaya ya tsufa ya yi ja, ɗayan fari ne. Ya ce layi na jan ƙashi ne, matsayin ƙwaya a cikin layi kuma na farin. Kowace albasa jifa ɗaya ce, babu kuma jifan da zai faɗo wanda ba ya cikin waɗannan. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yarda cewa shida da biyu albasa biyu ce, ja shida fari biyu, da ja biyu fari shida, alhali tagwayen shida albasa ɗaya ce tak. Sai da na gan su kwance a ƙasa na yarda.

Ya ce in kawar da duk jifan da ba zai fitar da 'ya'ya biyu daga gida na uku ba. Na kawar da duk mai ɗaya a ciki. Na kawar da duk mai biyu, ban da tagwayen biyu. Suka rage goma sha bakwai. Muka mayar da su, muka sake da ɗa a huɗu da ɗa a biyu, wato da a ce na gaban na matsar. Masu ɗaya suka fita, uku da biyu ta fita da fuskokinta biyu, shi ke nan. Suka rage ashirin da uku.

"Albasa shida ka zuba a gulbi," ya ce, "don kawai ka ga sun zauna da kyau."

Na zaci na kama doka: kullum a matsar da na gaba. Bayan kwana biyu dokar ta kayar da ni. Ina da ɗa a shida da ɗa a biyu, da taku ɗaya. Na matsar da na gaba, suka zama shida da ɗaya, jifa goma sha biyar ke fitar da su. Da na baya na jawo, da sun zama biyar da biyu, jifa goma sha tara. A wannan karon dokar Baffa ce ta yi daidai. Ashe babu doka, sai ƙidaya. Zaman 'ya'ya biyu a gidaje shida iri ashirin da ɗaya ne, na jera wa kowanne albasarsa na ƙidaya, na haddace su ina tafe a bayan jakuna. Kafin ranin ya ƙare ban ƙara bukatar albasa ba.

Sauran abin da na koya a fitarwa ba shi da yawa. In kana da halin fitar da ɗa, fitar da shi, kada ka tsaya gyaran gidaje. Kada ka ƙidaya nisan da ya rage maka kawai, ka ƙidaya jifa nawa kake bukata, nawa abokin wasanka yake bukata, kuma hannun wa ke gaba. Mutum biyu suna iya zama da nisa ɗaya, ɗaya ya fita da jifa biyu, ɗaya sai uku. Tsakiyar wasa tana yafe kuskure, domin akwai jifa da yawa a gaba da za su rufe shi. Ƙarshe ba ya yafewa, kuma a nan ne kowa ke sakin jiki yana ganin ya iso.

Wata ranar kasuwa a ƙetare na fara ganin amfanin wannan a sana'a. Rana ta karkata, saura mana buhu goma sha ɗaya, mota ɗaya ta rage a tasha. Wadda ta ɗauki hayar motar wata Bayarabiya ce mai sayen albasa da muke kira Iya Mai Sanda. Ba ta taɓa duba saman buhu, sai ta sa a kwantar da shi, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta zaro daga tsakiya ta shinshina. Ta ce ko ta ɗauki biyar da farashi mai kyau, ko ta kwashe duka da ragi. Baffa ya so a ba ta biyar, a jira motar yamma da sauran. Na tuna masa kasuwanni goma da muka ci a wannan tasha, sau uku kawai motar yamma ta zo. In ba ta zo ba, buhu shida za su kwana bakwai a rana kafin wata kasuwar. Ya dube ni, ya ce a ba ta duka. Motar ba ta zo ba. Tun daga ranar yakan tambaye ni kafin a karya farashi, amma a keɓe, ba a gaban mutane ba.

Mummunar shekarar ita ce wadda ta biyo bayan samun mulkin kai. Mu da Dahome kowa ya kafa tutarsa, iyakar da muke ƙetarawa da gaisuwa da 'yar albasa a ƙwarya ta koma sai da takarda. A shekarar kuma kowa ya shuka albasa, ta yi kyau ko'ina, a gida ba ta da daraja. Sannan ruwan gulbi ya ja da wuri. Muka iso mashigi da buhu arba'in, kashi biyu na Baffa, kashi ɗaya nawa. Duk abin da muka mallaka ban da jakuna yana cikin buhunan nan. Malam Najibu ya ce wannan ce tafiya ta ƙarshe, yashi ya fara fitowa a tsakiyar ruwa, jirgi ba zai sake dawowa ba sai damina. Wurin buhu arba'in ya rage masa.

Sai dai ba mu kaɗai ba ne. Alfa Sumana, wani Badande, wato ɗan ƙabilar Dandawan bakin gulbi, da ya girme ni da shekara ashirin, shi ma yana nan da arba'in ɗinsa. Kayansa sun riga namu sauka a rumfa, amma Baffa ya riga shi yin magana da mai jirgi tun makon da ya wuce. A da, da an raba ashirin-ashirin kowa ya yi haƙuri. Yanzu takardar da aka ba jirgin sunan ɗan kasuwa ɗaya take ɗauka bayan na mai shi, kuma duk kayan da ba na mai sunan ba sai a sauke su a iyaka. Ko duka ko babu. Aka yi ta ja tun safe har azahar.

"Ni ba alƙali ba ne," in ji Malam Najibu. "Ku ja kara. Wanda ya ja dogo ya loda."

"Kara na mata da yara ne," Alfa Sumana ya ce. "Ga allo nan. Ba an ce ɗan gidan Arzika akawu ne ba? Shi zauna mu gani in lissafi na kada Badande."

Baffa bai taɓa riƙe ƙashi ba, ba ya ma son ya gan ni a kai, amma ya daɗe yana kallo har ya san yadda ake takawa. Ya ja ni gefe.

"Kana iya mai?"

"Cikin wasa goma nakan ci shida, Baffa. Kara kuwa biyar da biyar ne."

Ya dubi allon. "To zauna."

Aka yi wasa ɗaya, babu maimai. Masu lodi da matuƙa suka kewaye mu, Baffa ya tsaya a bayana. Alfa Sumana ba ya ƙidaya komai. Yakan hura wa ƙashi iska, ya kira shi da sunan matarsa, ya taka kafin ka gama ganin abin da ya faɗo. Amma yana da ido a tsakiyar wasa, sau biyu yana kama mini ɗan da ke zaune shi kaɗai ya mayar da shi farkon hanya. Ni ma na kama masa ɗaya, na samu tagwayen biyar a hanya, muka iso gida kusan tare. Muka shiga fitarwa, ba mai taɓa wani kuma, sai tsere.

Aka zo inda ya rage masa 'ya'ya huɗu, duk a bakin ƙofa. Jifa biyu yake bukata, sai in ya samu tagwaye ya kwashe su da ɗaya. Ni saura uku, a shida da biyar da uku, kuma hannuna ne. Na jefa shida da ɗaya. Na fitar da na shida. Saura ɗa a biyar, ɗa a uku, da taku ɗaya. In Alfa bai samu tagwaye ba, jifa ɗaya zai rage mini, dole kuma ya fitar da duka biyun.

Hanya biyu ce. In na jawo na baya, su zama huɗu da uku. In na matsar da na gaba, su zama biyar da biyu. Yawancin jifan da ke fitar da waɗannan suna fitar da waɗancan. Bambancin kaɗan ne. Huɗu da uku tana da jifa ɗaya nata na kanta, wato huɗu da uku, fuska biyu. Biyar da biyu tana da nata biyu, biyar da biyu da kuma shida da biyu, fuska huɗu. Goma sha bakwai ke nan da goma sha tara. Na san wannan tun kafin ƙashi ya gama birgima.

Sai na ji muryar Baffa daga bayana.

"Ja na baya."

Hannuna ya tsaya.

"Mi kaka jira, Ɗantani? Ja na baya shi iso ga ɗan'uwa nai. Ba a barin shi can."

Ya kamata samari su gane nauyin wannan. A wurinmu in babba ya yi magana a cikin mutane, an gama. In kana da gyara, sai kun koma gida. Balle kayan yawanci nasa ne, ga Dandawa a tsaye, ga mai jirgi, ga masu lodin da suka san shi tun yana jan ayarin jaki hamsin. Ban juya ba. Na ɗauki ɗan da ke uku na ajiye a biyu.

Alfa Sumana ya ɗaga kai ya dubi Baffa.

"Arzika, ashe an yi sabon madugu ba ku gayyace mu ba."

Ya hura wa ƙashi iska ya jefa. Shida da biyu. Ba tagwaye ba ne. Ya fitar da biyu, saura biyu.

"Wanga naka ne, akawu," ya ce. "Na ara."

Na jefa. Huɗu da uku.

Huɗu ta kawo ɗan biyar bakin ƙofa, uku ta fitar da ɗayan. Ɗa guda ya rage mini a gida na ɗaya. Ba sai an iya lissafi ba, kowa a rumfar ya ga da na bi maganar Baffa da duka biyun sun fita. Alfa Sumana ya jefa nasa don cika ƙa'ida, ya kwashe, ya miƙe yana kiran masu lodi. Malam Najibu yana rufe allo ya ce, yadda kowa zai ji, "Takun daidai ne." Da ya yi shiru da ya fi mini. Baffa ya juya ya nufi wajen jakuna.

Kafin la'asar jirgi ya tashi da albasar Alfa. Muka gwada hanyar ƙasa da jakuna, ma'aikatan iyaka suka mayar da mu. Muka dawo gida muka kafa rudu, wato gadon kara a ƙarƙashin inuwa da iska ke ratsawa, muka zazzage buhuna a kai. Zafin bazara ya sauko. Kowace safiya mu biyu muke tsugunawa muna bi ƙwaya-ƙwaya, mai ruwa a jefar, mai tsiro a ware. Mun kai kasuwar Kende sau uku, amma a Kende wanda zai saya shi ma tasa yake neman wanda zai ɗauka. Buhu goma sha uku muka sayar a kan abin da bai kai kuɗin buhu da igiya da ɗawainiya ba. Sauran muka haƙa rami a bayan gari muka binne. Duk makonnin nan Baffa yana aiki kusa da ni, ba ya ce mini komai sai "miƙo kwando" da "ɗaga nan". A gari kuwa sunana ya zama yaron da ya fi Baffansa sani.

Na ba samarin rumfata wannan labari, suka ce ai kuskure na yi, tunda huɗu da uku ce ta faɗo. Wannan shi ne tunanin da ke karya ɗan kasuwa. Lokacin da nake takawa ƙashi yana hannu, bai faɗo ba. In aka zaunar da mutum a wannan matsayi sau talatin da shida, mai biyar da biyu zai loda jirgi sau goma sha tara, mai huɗu da uku sau goma sha bakwai. Wanda ya taka daidai ma sau goma sha bakwai albasarsa za ta ruɓe, ni na faɗa cikin waɗannan. Shi ya sa in na aiki mutum saye ya dawo da riba, nakan tambaye shi dalilin da ya saya a inda ya saya. In ba shi da dalili, ba na sake aikensa, ko ribar nawa ce. In ya dawo da asara da dalili mai kyau, shi nake riƙewa.

Akwai dai tambayar da ta fi wannan wuya, samarin ba su yi mini ita ba. Fuska biyu cikin talatin da shida sun kai a ƙi maganar dattijo a gaban baƙi? Wannan ba a jera masa albasa a ƙasa. Abin da na sani shi ne akwai abin da zan iya yi ban yi ba. Ƙashi ba ya gudu. Ina da lokacin da zan juyo in ce, Baffa, ba ni izini. Da ya ba ni, da takun ya zama namu mu biyu.

Bayan ruwan farko ya sauka, na sayi goro na sami Baffa a zaure da safe yana gyaran akumarin jaki. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goron.

"Baffa, na zo neman gafara."

"Ta mi?"

"Ka yi magana cikin mutane, ban juyo ba."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. "Wanga na yafe tun ran nan. Albasa kuwa rabo ce, ba ta cikin namu. Abu guda nika so in ji. Ka ce kuskure ka taka."

"Rashin juyowa kuskure ne, Baffa."

"Ba shi nit tambaye ka ba."

"Takun, in an sake zaunar da ni, shi zan sake."

Ya ajiye basilla ya dube ni sosai. Ba fushi a fuskarsa.

"Ko ina tsaye bayanka?"

"Zan nemi izininka tukuna."

"In na hana fa?"

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya sani.

"To ayari guda ba ya ɗaukar madugu biyu," ya ce. "Kana da kai, na gani. Amma ni ban iya tafiya da mutumin da nika magana shina ƙidaya. Tashi mu je turke."

Muka zaga bayan gida inda jakuna ke ɗaure. Na zaci zai ba ni matsakaita biyu, yadda ake sallamar wanda ya yi wa mutum hidima. Sai ya kwance Goho, jakin da ke jan gaba, wanda babu kamarsa a duk Bagudo. Ya wuce sauran, ya je can ƙarshe ya kwance wata tsohuwar jaka mai ɗingishi da kullum ita muke tsayawa jira. Ya haɗa igiyoyin biyu ya sa mini a hannu.

"Ɗaya can gaba, ɗaya can baya," ya ce. "Haka kac ce ya fi. Ga su nan, ka fitar da su tare mu gani."

Da su na fara.